Garin da Babu Kasuwa: Ɓatagarawa a Shekarar 1967

In ana maganar tarihin ciniki a ƙasar Hausa, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne kasuwar Kurmi ta Kano, da ayarin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, da raƙuman Azbinawa masu kawo gishirin Bilma. Duk waɗannan gaskiya ne, an kuma rubuta su har an gaji. To amma akasarin kakanninmu ba su taɓa bin ayari ba. Cinikin da ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya kuma jefa wasunsu cikin bashi, an yi shi ne a ƙananan garuruwa, tsakanin bakin rumbu da zaure da ɗakin matar gida, wuraren da marubutan tarihin sarakuna ba su cika leƙawa ba.

Ɗaya daga cikin 'yan garuruwan da aka yi dacen rubuta yadda zamansu yake dalla-dalla shi ne Ɓatagarawa, mai nisan mil shida kudu da birnin Katsina, mazaunin hakimi mai sarautar Mallamawa. A shekarar 1967, wato shekarar da Yaƙin Basasa ya ɓarke, wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta zo ta zauna a garin na tsawon watanni. Kafin nan ta yi suna da bincikenta a kan manoman koko na ƙasar Gana. Ta ƙirga gidaje da mutane, aka auna gonaki, ta bi diddigin wa ya sayar, wa ya saya, wa ya jinginar. Littafin da ta fitar a 1972, mai suna Rural Hausa, shi ne madogararmu a kan alƙaluman da za su biyo baya. Sauran bayanin kuwa abu ne da duk wanda ya tashi a karkarar Katsina ko Kano ko Zazzau ya gani da idonsa ko ya ji a bakin iyayensa.

Mutanen garin a lokacin sun kusa 1,400. Akwai mahauta da maƙera da maɗinka da magina da wanzamai, akwai masu tebur da ke sayar da sabulu da ashana da kananzir. Abin da babu shi ne kasuwa. Babu rumfuna, babu ranar da ake cewa yau kasuwar Ɓatagarawa ke ci. Jami'in gwamnati da ya ratsa ta garin a mota zai iya komawa ofis ya rubuta cewa mutanen nan abin da suka noma shi suke ci, ba ruwansu da saye da sayarwa. An daɗe ana rubuta irin wannan game da manoman Afirka, kuma ba daidai ba ne. Kowace rana hatsi da gyaɗa da mai da dafaffen abinci suna fita daga wannan gida su shiga wancan, kuɗi na bin su a baya.

Kafin mu shiga gidajen, bari mu tsaya a gona, domin daga can komai ya faro. Ƙasar da ke kewaye da gari ita ce karkara, wadda ake nomawa kowace shekara ba hutu. Abin da ke riƙe da ita shi ne taki. Duk rani za a ga jakuna da mangaloli suna kwasar kashin awaki da tumaki da toka da sharar gida suna kai wa gona, ana jibgewa tuli-tuli. Mai hali yakan shirya da Fulani su kwantar masa da shanu a gonarsa bayan girbi, ya ba su hatsi. Can nesa kuma akwai gonakin daji, waɗanda akan noma 'yan shekaru a bar su su huta. Gonar karkara dukiya ce ta sosai: ana gadonta, ana ba da aronta, ana jinginar da ita, ana kuma sayar da ita da kuɗi hannu, duk kuwa da cewa a takardun Turawa an ce ƙasar Arewa ba ta sayarwa ba ce. Shi kansa takin haja ne. Talakan da ba shi da jaki, ko wanda kuɗi suka yanke masa, yakan sayar da takin gidansa ga maƙwabcinsa, alhali ya san gonarsa ce za ta ji a jikinta.

Da bazara ake sassabe da sharar gona. In ruwan shuka ya sauka sai kowa ya fita da sungumi, gero ne kan gaba, sannan dawa da gyaɗa da wake da maiwa. Daga nan sai noman firi, sai maimai. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai ɗauka duk kwanakin damina ɗaya ne, amma manomi ya san akwai 'yan makwanni bayan tsiro waɗanda in ciyawa ta riga shi, to shekarar ta tafi. Kuma waɗannan makwannin sun faɗo daidai lokacin da rumbunan bara suka yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. A nan ne ake gane wane ne wane a gari.

Da wannan ma'aunin Polly Hill ta yi aiki. Ta nemi wasu mutanen garin da suka san kowa da kowa su rarraba mata magidanta bisa ga yadda kowanne ke tsallake kwanakin nan na kafin gero. Cikin gidajen noma 171, an sami 17 waɗanda ba su ji komai ba, har ma su ne ke taimakon wasu da kyauta ko rance. Akwai 45 da suka riƙe kansu, ba su nema ba, ba su bayar ba. Sai 68 da suka ɗan sha wuya, sannan 41 da yunwa ta shiga gidajensu sosai. Da aka duba gonakin karkara sai aka tarar magidanci a rukunin farko yana da kusan eka 20, na rukunin ƙarshe kuwa bai kai eka 3 ba. Dukansu gari ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, ɗakunan ƙasa iri ɗaya. Baƙo ba zai iya bambance su da ido ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ta lura da shi game da rukunin ƙarshen nan, cewa akwai mutanen da talauci ya hana su noma. Maganar ta yi kama da wasa, domin mun saba jin an ce wanda ya rasa abin yi ya koma gona. To ga yadda abin yake. Mutum ya wayi gari ba ko tsaba a rumbunsa, ga mata ga yara. Dole ya samo abin da za a ɗora a wuta yau. Sai ya saɓa fartanya ya nufi gonar mai hali ya yi ƙwadago daga safe zuwa azahar, a ba shi fura a gona, a biya shi 'yan sulalla, ya auno hatsi ya kai gida. Gobe ma haka, jibi ma haka. In ya sami zuwa tasa gonar sai da la'asar, a gajiye. Kafin ya waiwayo ciyawa ta shaƙe geron, ga shi dama bai kai taki ba, irin ma wataƙila an ci rabi kafin shuka. Da kaka ya ɗaure 'yan dammuna kaɗan, cikinsu akwai na bashi. Gonar da ya yi wa ƙwadago kuwa an nome ta a kan kari, ta yi kyau. Wato da guminsa aka cika rumbun da zai je ya durƙusa a gabansa baɗi. Wanda ya ga gonarsa cikin ciyawa sai ya ce malalaci ne, alhali tun asuba yake duƙe.

Rumbu shi ne bankin garin, kuma ribarsa tana cikin haƙuri. Da kaka hatsi ya yi araha saboda kowa na da shi, kowa kuma na neman kuɗi. A lokacin ne ake biyan bashi, a lokacin ake ɗaurin aure, a lokacin ne kuma dagaci da masu unguwanni ke bi gida-gida neman haraji, wanda ba a karɓarsa da dami sai da tsabar kuɗi. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da zaɓi, sai ya sayar. Mai hali kuwa sai ya saya ya ƙara a kan nasa, ya liƙe bakin rumbu, ya ciyar da iyalinsa daga abin da sana'arsa ta rani ke kawowa. Sai damina ta yi nisa, mudu ya hau, wani lokaci har ya ninka, sannan ya buɗe. Shi wancan da ya sayar da arha shi ne zai dawo ya saya da tsada, mai yiwuwa ma hatsin da ya noma da hannunsa. Ba kowace shekara lissafin ke fita ba, domin akwai shekarun da farashi kan ƙi motsi, ƙwari su yi ɓarna, mai ajiya ya tashi a tutar babu. Amma shi yana da ƙarfin jure asarar shekara guda.

Idan ƙwadago bai isa ba sai a shiga falle. Mutum ya je wurin mai rumbu da dare ya karɓi hatsi ko kuɗi, bisa alkawarin zai biya da dami in an yi girbi, kuma abin da zai biya ya fi abin da ya karɓa nesa ba kusa ba. Malamai ba su yarda da wannan ciniki ba saboda ƙamshin riba da ke cikinsa, shi ya sa ba a yin sa a bainar jama'a, mai bayarwa da mai karɓa kowa na jin kunyar a sani. Gaba da falle sai jingina: a karɓi kuɗi a miƙa gona, mai kuɗi ya yi ta nomawa har ranar da aka fanshe ta. Sau da yawa ranar ba ta zuwa, sai dai a ce masa ya cika kuɗi ya riƙe.

Har gandu ma bai tsira daga wannan bambanci ba. A tsarin gandu 'ya'ya maza, har da masu aure, suna yi wa mahaifinsu aiki daga safe zuwa azahar, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayauna da zai noma wa kansa da yamma. Mun saba ɗaukar gandu a matsayin al'adar kowa da kowa. Abin da aka gani a Ɓatagarawa shi ne gandu ya fi ƙarfi a gidajen masu hali, inda ɗa ke da abin da zai zauna dominsa. Uban da ba ya iya ciyarwa ba ya iya riƙe 'ya'ya, sai su watse, wani ya kama ƙwadago, wani ya tafi cin rani ya zarce. Gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba kuwa bai cika daɗewa ba.

Yanzu sai mu koma ga tambayar farko. Garin da babu kasuwa, a ina mai ƙwadago ke auno hatsin da zai kai gida? A hannun mata, a cikin gidaje. Kusan duk matan aure na garin suna cikin kulle, ba sa zuwa gona. Abubuwa biyu suka sauƙaƙa haka: ruwa ba shi da zurfi, don haka gidaje da yawa na da rijiya a ciki, sannan jaki ya ɗauke wa mata dakon da takwarorinsu na wasu ƙasashe ke yi a ka. Masana irin su M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, sun danganta yaɗuwar kulle a karkara da ƙarewar bauta, domin a da aikin gona ga mace alama ce ta baiwa, da aka sami 'yanci sai kowace ta so ta shige ɗaki.

To amma shiga ɗaki bai hana neman kuɗi ba. Mai rumbu ba ya son a gan shi yana sayar da hatsi lokacin da maƙwabta ke cikin yunwa, don kada a dame shi da roƙo, ko a ce ya ɓoye abinci. Sai ya miƙa wa matarsa, ko wata mai awo da ya amince da ita, ta sayar mudu-mudu ta ɗauki ladanta. Mai saye shi ma ya huta da idon jama'a, sai ya aiki yaro da kwano. Wata matar sana'arta man gyaɗa: ta sayi gyaɗa, wani lokaci daga hannun mijinta kuma da kuɗi, ta soya, ta daka, ta matse mai, tunkuzar ta yi ƙuli-ƙuli. Wata fura, wata ƙosai ko waina ko ɗanwake, wata daddawa, wata gishiri da kanwa da barkono. Gidaje da yawa ba sa ɗora tukunyar rana, saye ake yi, saboda haka kuɗin da maigida ya bayar da safe kafin la'asar sun zaga gida uku ko huɗu. Kowace mace ta san nawa ake sayar da mudu a ɗaya gefen gari ba tare da ta taka ƙofar gida ba, domin yara na kai labari tare da kaya. Polly Hill ta kamanta wannan kasuwa da saƙar zuma, kowane ɗaki rami guda, duk a haɗe.

Yaran nan su ne ƙafafun kasuwar. Yarinya mai talla da faranti a ka ita ce dillaliya, ita ce mai karɓo bashi, ita ce mai kawo rahoton farashi. Macen da ba ta da ɗiya takan karɓi riƙon 'yar 'yar'uwarta. Ribar kuwa ta matar ce ita kaɗai, miji ba shi da iko a kai, in ya karɓa rance ne sai ya biya. Da ita ake zubin adashi, da ita ake biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunanta za ta mayar miki da ƙari ranar naki. Da ita ake sayen akuya da tunkiya, da ita ake tara kwanoni da tasoshin da za a jera wa ita mai tallar a ɗakinta ranar aure. Jeren nan da muke gani ado ne, amma kuma ajiya ce da akan cire ɗaya a sayar ranar da ta ɓaci.

Gyaɗa ita ce igiyar da ta ɗaure wannan ƙaramin gari da duniya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za a noma musu, sai manoma da 'yan kasuwar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cin ta, kuma daga kakar 1912 aka shiga sayenta gadan-gadan. A wancan zamanin layin dogo bai kai birnin Katsina ba, don haka gyaɗar wannan yanki a bayan jakuna da raƙuma ta riƙa tafiya, daga baya a motoci. 'Yan baranda suna tare manoma, manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suna tarawa, har aka kai ga dalar gyaɗa a Kano. Daga 1949 hukumar ciniki ta gwamnati ce ke yanka farashi, kuma abin da take ba manomi bai kai abin da take samu a kasuwar duniya ba. Wannan ya sa matan gida suka zama abokan takarar hukuma ba tare da sun sani ba, domin duk gyaɗar da aka matse a turmi ba ta je sikeli ba. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji. Amma tsofaffi ba su manta da yunwar Kakalaba ta 1914 ba, ko ta 'Yar Gusau ta 1942, shi ya sa manomi mai hankali bai taɓa barin gyaɗa ta cinye masa gurbin gero da dawa ba.

Maza ma ba zama suke yi da rani ba. Masu jakuna suna ƙwarami, su je kasuwannin ƙauye inda hatsi ke da sauƙi su auno su kawo gari. Wasu suna noma taba, su sarrafa ta, su yi fataucinta zuwa Nijar. Marasa jari kuwa sai itace da ciyawa da kara da yaɓen ɗaki. A nan ma sana'ar da ke kawo kuɗi tana hannun wanda rumbunsa ke cike.

Mu da muke rubuta littattafai ya kamata mu ji ɗan nauyi a nan. A yawancin labaranmu ƙauye wuri ne da ake ɗauko yarinya kyakkyawa a kai ta birni, ko inda ake tura ɗan gata don ya horu, kuma mutanensa duk fuska ɗaya gare su, ko dai salihai ko dai gidadawa. Ga shi kuwa gari guda ya ƙunshi mai rumbu da ke tsoron idon maƙwabta, da magidancin da ke saɗaɗawa da dare neman falle wurin wanda suka yi makarantar allo tare, da matar da ta fi mijinta kuɗi kuma tana bin sa bashi, da ɗan da ke lissafin ko ya zauna a gandu ko ya kama gabansa.

Shekaru kaɗan bayan 1967 abubuwa suka fara juyawa. A ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, sule ya koma kwabo goma, sisi da taro suka rage a bakin tsofaffi. A wannan shekarar aka yi babban fari, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa ta hallaka amfanin shekarar, dalar Kano ta ɓace ba ta dawo ba. Kuɗin man fetur suka ja samari zuwa aikin gini a birane. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya fara jan yara daga talla zuwa aji, abin da ya taɓa jarin iyaye mata kai tsaye, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka yi ta ja-in-ja a kan sa 'ya'ya mata a makaranta. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Yau Ɓatagarawa hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma birnin Katsina ya miƙo ƙafa har ya taɓo ta. Jami'ar jihar da aka kafa a 2006, mai ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana cikin ƙasarta. Takin zamani ya shigo, babur da a-kori-kura sun rage wa jaki aiki, injin markaɗe ya karɓi rabin aikin turmi. Gonakin karkara da aka shekara aru-aru ana kai wa taki a mangala, da yawansu yanzu da tef ake auna su, ana yankawa fuloti-fuloti.